Ƙafar da ke Bayan Labule

Lubwama ya janyo akwatin keken ɗinkinsa, ya tura yatsa ƙarƙashin zarurruka da tsofaffin maɓallai, ya zaro katin maganin da ke ɓoye a can. Ya ɓalle farar ƙwaya ɗaya, ya leƙa ƙofar shago hagu da dama kamar mai shirin satar kaza, sannan ya jefa ta baki ya bi ta da ruwan jiya. Ragowar katin ya cusa a aljihun kanzunsa, doguwar farar rigar nan ta maza, don ba lallai ya dawo shago kafin yamma ba. Bayansa sai ciwo yake. A kan teburin yanka ya kwana, ya yi matashi da buhun ƙyallaye, alhali ga gidansa can bayan coci da katifa mai taushi da ya saya da guminsa.

Dalili kuwa surukarsa ce ta zo. Jajja Nabisubi, wato Kaka Nabisubi, ta sauka jiya daga ƙauye da buhunan saiwoyinta da jarkokinta, mu kuwa ƙabilar Baganda ba a maimaita mana karatu a kan wannan. Namiji ba ya kwana rufi ɗaya da uwar matarsa. Ba ya kallon fuskarta, ba ya miƙa mata abu hannu da hannu, ba ya tauna a gabanta, jikinsa kuma ba ya taɓa nata ko da kuskure. Wanda ya karya, shi ko ita, ciwon makyarkyata na jiransa, hannu ya yi ta rawa har kabari. 'Yan bokon Kampala na yi wa abin dariya, amma ka lura da su ranar da tsohuwa ta iso, za ka ga su ma ɗakin aboki suke nema. Tun da Lubwama ya auri Nampiima, har ga shi 'yarsu ta fari Nakku ta shiga sakandare, abin da ya sani na surukarsa bai wuce muryarta da ƙafafunta ba. Ƙafafun kam ya haddace su, tunda su yake gaisarwa.

Ciwon sukari ne ya haɗa su sha'ani. Bara waccan ya fara ramewa, ga shan ruwa, ga fitsari ba adadi, har zura zare a allura ya soma yi masa gardama. A asibiti aka ɗiga jininsa a wata 'yar na'ura, aka ce sukari ne, aka haɗo shi da ƙwayoyi. Ranar da ya shigo gida da su, Nampiima ta zube a ƙasa ta yi kuka kamar gawa aka kawo mata. Ita a wurinta asibiti wuri ne da ake shiga a tsaye a fito a kwance, don haka aka yi da mahaifinta. Kafin mako ya zagayo kwalba ta iso daga ƙauye, baƙin ruwa mai ɗacin tsiya, da saƙon a ba suruki kofi ɗaya kowace safiya. To wa zai mayar da kwalbar suruka? Ya sha. Da aka je taron ƙarshen makoki a dangin matar, aka tambaye shi jiki a bainar jama'a, tsohuwa na zaune bayan shinge tana ji, sai baki ya ja shi. Ya ce ai shi ya bar asibiti, maganin Mama ya ishe shi. Mata suka rangaɗa guɗa. Tun daga ranar ƙwayoyinsa suka koma zama da maɓallai, shi kuma yake hawa mota har Masaka ya karɓo su, ya ce wa matarsa yadi ya je sarowa.

Abin haushin, sai ya murmure. Ya yi ƙiba, wuya ya yi ninki, garin Kalisizo kaf ya ɗauka cewa kwalbar Jajja Nabisubi ta warkar da tela. Wani lokaci da hantsi yakan ji jiri da wata muguwar yunwa, amma kwano ɗaya na katogo, ayaba da kayan ciki da romo mai zafi, yakan kore su.

Yau ranar kasuwa ce, kuma Nampiima ta ɗauko mai lasifika. A ganinta uwarta ta daɗe tana zubar da kanta, tana zaune a kan tabarma tana sayar wa tsofaffi maganin tari da na ƙaiƙayi, alhali tana riƙe da maganin ciwon da ya gagari likitoci. Yau mijinta zai tsaya a tsakiyar kasuwa ya faɗi da bakinsa abin da ya warkar da shi.

Ta iso shagon da sauri, ta durƙusa a ƙofa ta gaishe shi, ta tambayi yadda ya kwana ba tare da ta jira amsa ba. Ta kwance ganyen ayabar da ta naɗo kwalbar da shi. Kwalbarsa daban take da na sayarwa, kullum da jan zare a wuya, don Jajja da kanta take haɗa ta, ba ta bari ko 'yarta ta sa hannu. Nampiima ta cika kofi, ya runtse ido ya shanye. Ta sake cikawa.

"Yau biyu za ka sha, Baban Nakku."

"Mama ce ta ce?"

"Ni na ce. So nake fuskarka ta yi haske a gaban mutane."

Ya shanye na biyun, ya tambayi abin karyawa. Ta ce ko wuta ba a hura a gidan ba, tun asuba suke ɗura kwalabe, ya nemi wani abu a kasuwa. Sai ya gyara murya ya ce, cikin lallami, da ba a bar maganin ya yi wa kansa magana ba? Abu mai kyau ai shi ke sayar da kansa. Nampiima ta ajiye kofin a hankali. Ta ce in kunyar uwarta yake ji ya faɗa tun yanzu, ta je ta sallami mai lasifika, ta kuma gaya wa tsohuwar cewa surukin da ta raya ya fi ƙarfin ya ambaci sunanta. Ta ce da waɗannan saiwoyin aka ciyar da su, aka yi musu makaranta, bayan asibiti ya cinye ubansu. Idonta ya kawo ruwa. Lubwama yana son matarsa, kuma tsoron hawayenta yake fiye da tsoron allura, don haka ya ce wasa yake yi.

Tana fita Kateregga ya taka birki a ƙofar shago. Ɗan acaɓa ne, abokin Lubwama tun suna satar rake a gonar mishan, kuma shi ma sukarin ya kama shi. Bai sauka daga babur ba, ya ciro robar ƙwayoyi daga aljihu ya kaɗa ta a sama.

"Kai tela, ka ga waɗannan? Na gaji da su, na gaji da layin asibiti, na gaji da yarinyar da ba ta kai ƙanwata ba tana yi mini faɗa a kan shayi. Yau ina ji daga bakinka a lasifika, a masai za su kwana."

Lubwama ya ce kada ya yi gaggawa, jiki da jiki ba ɗaya ba ne. Kateregga ya kwashe da dariya, ya ce wato rowar lafiya za a yi masa, shi ya warke ya yi tumbi, abokinsa kuwa ya ci gaba da haɗiyar alli. Ya buga babur ya yi gaba. 'Ya'yansa huɗu, kuma da idon nan da ƙafar nan yake ciyar da su. Lubwama ya ga mutane a layin Masaka da suka bar magani suka dawo, wani da sanda, wani ana ja masa gora. Ya tsaya riƙe da kwaɗon shago, gaba kura baya siyaki. In ya faɗi ƙarya ya jefa Kateregga rami, in ya faɗi gaskiya ya tuɓe surukarsa a tsakiyar kasuwa.

Ya ce wa ransa bari dai ya ci abinci, cikin da ya ƙoshi ya fi iya dabara. Ya nufi rumfar mai katogo, ƙamshin romo na jansa tun daga bakin hanya. Yana shan kwana ya ja burki. Daidai gaban rumfar, ba nisa ba kusa, aka shimfiɗa tabarmar Jajja Nabisubi, ga kwalabe a jere, ga ƙullin ganyaye, ga ita a zaune cikin gomesinta, doguwar rigar matanmu, mai ruwan ƙasa. Duk bencin da ya zauna a rumfar nan a gabanta zai tauna. Mai katogo ta ɗaga masa ludayi, ya ɗaga mata hannu alamar sai anjima.

Dole ya gaisa. Ya tsaya nesa kaɗan, ya rusuna, ya sunkuyar da kai, ya yi wa ƙafafun barka da zuwa. Muryar ta amsa daga sama, tana kallon wani gefe, ta tambayi aiki da jiki, ta gode masa da riƙon 'yarta. Babban yatsan ƙafarta ta hagu a naɗe yake da tsumma. Tun zuwanta na Kirsimeti ya ga tsumman, amma yanzu ya ƙara girma, ya hau har kan ƙafar, kuma ƙuda na sauka a kansa ba ta ko motsa. Ya ji ba daɗi. Sai dai ƙafar suruka ba abin da namiji zai sa a bakinsa ba ne, don haka ya ja da baya.

Ya zagaya wajen mai gasa rogo a can ƙarshen layi, har ya nuna wanda yake so, sai ya ji sunansa ya cika kasuwa. Mai lasifika ne ke kiran tela Lubwama, mutumin da ya leƙa kabari ya dawo. Nampiima ta ɓullo ta kama masa hannun riga, ta ce rogo ba zai gudu ba.

Jama'a sun yi da'ira. Masu kifi sun bar kifinsu, 'yan acaɓa sun jera babura, Kateregga na gaba-gaba ya harɗe hannu. Mai lasifika, wani siririn mutum da ke tallan maganin ɓera ranar Talata da taron siyasa ranar Asabar, ya gama zuba kirari, ya damƙa wa Lubwama abin magana, ya tura shi gaba har kusa da gefen tabarma.

Lubwama ya gaida jama'a. Ya gaida manya, ya gaida ƙanana, ya gaida shugaban kasuwa da ba ya wurin, yana jan lokaci ko Allah zai kawo ruwan sama. Gumi ya karyo masa, mai sanyi, ya jiƙa kanzun sharkaf. Ya ce kowa ya san shi, kowa ya san ya yi ciwo. Ya dubi Kateregga, sai ya ga Kateregga ya zama biyu. Ya ce, "Gaskiyar magana ita ce," sannan harshensa ya yi nauyi. Abin maganar ya fara kaɗawa a hannunsa, yana bugun haƙoransa, kasuwa duka tana jin ƙarar.

Wata tsohuwa mai sayar da tabarmi ce ta fara gani. Ta ce ku dubi hannunsa, an tsayar da shi dab da surukarsa, ga shi abin ya kama shi. Magana ta bi layi kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Sai ya zube, kansa ya sauka a gefen tabarmar, wurin da bai taɓa kusanta ba a rayuwarsa.

Bai suma gaba ɗaya ba. Yana jin Nampiima na kiran sunansa, yana jin hannaye na jansa don a nisanta shi da tsohuwa, wani na cewa a kawo albasa, wani na cewa a kira fadan coci ya yi addu'a. Wajen jan ne aljihunsa ya juye. Katin maganin ya faɗo a kan tabarma yana ƙyalli a rana. Ya gan shi, ya so ya miƙa hannu, hannu ya ƙi. Sai ya ga ƙafar nan mai tsumma ta matso a hankali ta taka katin, ta ja shi ƙarƙashin gomesi.

"Ku sake shi," in ji Jajja Nabisubi.

Ba ta ɗaga murya ba, amma suka sake shi. Ta rarrafo, ta kwance wani ɗan ƙulli daga ɗamarar gomesinta, ta tallabo kan surukinta da hannunta, ta ɗora a cinyarta. Mata suka kama baki, wasu suka juya baya don kada idonsu ya ɗauki alhaki. Ta buɗe masa baki ta zuba abin da ke ƙullin, ta shafa a dasashinsa da yatsa, ta ce ya haɗiye. Ya haɗiye. Ya san ɗanɗanon nan sarai. Sukari ne, farin sukari na shayi, irin wanda a Masaka ake ce wa duk mai shan ƙwayar ya riƙa yawo da shi. Ya buɗe ido, ya ga fuskar surukarsa karon farko. Ashe hancin Nakku nata ne. Ya yi maza ya rufe idon.

Kafin a jima rawar ta lafa, ya iya zama. Kasuwa ta ɗauki sowa. Mai lasifika ya tsinci abin maganarsa daga ƙasa, ya sanar da cewa kowa ya gani, farin garin Jajja Nabisubi ya tashi matacce. Mutane suka yi ca a kan kwalabe. Ita kuwa ta miƙe ta ce a kai shi asibiti. Nampiima ta ce Mama asibiti kuma, bayan ya tashi? Tsohuwa ta ce a kai shi, su ma su gani da idonsu. Wannan hujja ta gamsar da kowa. Aka ɗora shi a babur ɗin Kateregga, matarsa ta riƙe shi ta baya, Jajja ta bar wa mai katogo tabarmarta ta hau wani babur ta biyo su.

A ƙaramin asibitin garin wata nas ce ke aiki, Sista Lamunu, 'yar arewacin ƙasar nan daga Gulu, wadda ta daɗe a cikinmu amma har yau al'adunmu ciwon kai suke sa ta. Ta kwantar da shi, ta ɗiga jininsa, ta dubi na'urar, ta ja tsaki, ta ɗaura masa ruwa. Ta kori Kateregga waje, ta aiki Nampiima ta nemo abinci mai nauyi. Tsohuwa ta ƙi zama a kujerar gefen gado. Ta ja labulen da ke raba gadaje, ta zauna a bayansa a ƙasa, ba abin da ake gani sai ƙafafunta.

Sista ta tambaye shi me ya sha. Ya dubi labule, ya dubi rufi, ya ga ba hanya. Da ƙaramar murya ya ce ƙwaya ɗaya, ta asibiti, kamar kullum, da kofi biyu na maganin gida, kuma bai ci komai ba. Ta ce ƙwaya ɗaya ba ta kai mutum mai jikinsa ƙasa haka ba, ko da yunwa, kada ya raina mata hankali.

Daga bayan labule murya ta ce, "A gaya wa malamar asibiti ta ƙara biyu a kan ɗayar."

Sista ta ɗaga labulen ta leƙa. Ta ce malamar asibiti na ji, biyun me?

Jajja Nabisubi ta yi bayani tana fuskantar bango. Kowane kofi a kwalba mai jan zare da ƙwaya ɗaya a ciki, a dake, ɗacin saiwa na rufe ta. Ta ce ranar da ta ji surukinta ya faɗa a gaban dangi cewa ya bar asibiti saboda ita, ba ta runtsa ba. Ta san maganinta. Tari, ƙyanda, ciwon ciki, naƙuda mai gardama, waɗannan ta gada daga uwarta kuma ba ta jin kunyar kowa a kansu. Amma sukari a zamanin uwarta babu shi, saiwarta tana rage ƙishi ne kawai. Da farko ta aiko da kwalbar don 'yarta ta daina kuka, ba ta zaci mutum mai hankali zai jefar da na likita ba. Ta yaya za ta gaya masa, ita da ba ta iya kallon fuskarsa? In ta bi ta bakin Nampiima kuwa ta rushe wa yarinyar abu ɗaya da take tsaye a kansa. Ita dai ba za ta zuba ido 'yarta ta zama gwauruwa ba.

Sista ta tambaye ta ina take samun ƙwayoyin. Ta ce nata ne, ana ba ta a asibitin mishan da ke gaba da ƙauyensu, inda ba wanda ya san ta da tabarma.

"To ke me kike sha, Jajja?"

Tsohuwa ta ce, "Abin da ya rage."

Lubwama ya kwanta yana kallon rufi, kunya da tausayi suka taru suka lulluɓe shi. Wato duk tumbin nan da yake shafawa, rabon tsohuwa yake sha a kan nasa. Ya ce a gaya wa Mama shi bai taɓa barin asibiti ba, kunyarta ce ta sa ya faɗi haka. Murya ta ce a gaya wa suruki ta gani, katinsa na nan a ɗamararta. Sista Lamunu ta ce ita ba 'yar aike ba ce, mutum biyu taku ɗaya tsakaninsu, sun kusa kashe juna da ladabi. Ta ce daga yau kwalbar nan kada a sake sa mata ko gishiri.

Ana haka Nampiima ta dawo da kwanon katogo, Kateregga na biye da ita, kwalba biyu a hammata, baki har kunne. Ya ce sai da ya koma kasuwa ya yi kokawa kafin ya samu, an wawashe tas. Ya dafa ƙafar gadon.

"Tela, ba sai ka yi magana ba. Gani ya kori ji. Daga nan masai na nufa."

Ya ciro robar ya kaɗa. Lubwama ya dubi robar, ya dubi matarsa da ke gyara masa cokali fuskarta cike da alfahari da uwarta, ya dubi ƙasan labule. Ya yunƙura ya zauna, ya ce, "Kateregga, tsaya. Akwai abin da ban faɗa a kasuwa ba."

"A gaya wa mai babur," in ji muryar bayan labule, "maganina yana da sharaɗi."

Kowa ya juya. Mu nan mun san magani ba ya tafiya ba sharaɗi. Wani a hana ka naman alade, wani a hana ka tsallake tabarya, wani a ce kada ka gaisa da kowa sai ka sha. Kateregga ya gyara tsayuwa ya ce yana ji, Jajja.

"Ba ya tafiya shi kaɗai. Sai an haɗiye farar ƙwayar asibiti, yadda suka ce a sha, a ci abinci, sannan a bi da shi. Wanda ya raba su, abin da ya biyo baya shi ya saya."

Kateregga ya dubi robar da ke hannunsa kamar yau ya fara ganinta. Ya ce to me ya sa mai lasifika bai faɗa ba? Tsohuwa ta ce mai lasifika maganin ɓera ya sani. Ta ce ya koma kasuwa yanzu da babur ɗinsa, duk wanda ya gani da kwalba ya gaya masa, kuma ranar kasuwa mai zuwa ita da kanta za ta faɗa.

Nampiima ta ajiye cokali. Ta ce amma Mama, ai Baban Nakku bai sha tasu ba, kuma ya warke.

"Ya warke? Ba shi kika kwaso daga ƙasa ɗazu ba?"

Nampiima ta juya maganar a ranta. Sannan ta juyo kan mijinta, ido ya yi ja. Ta ce wato taurin kansa ne ya jawo musu wannan abin kunya a gaban kasuwa, ya je ya yi ta cika baki wai ya bar asibiti, wa ya aike shi? Ta ce daga gobe a gabanta zai riƙa haɗiye ƙwayar nan, tana kallo, ko yana so ko ba ya so. Lubwama ya sunkuyar da kai ya ce ya ji, ya tuba. Sista Lamunu ta juya baya tana gyaran robar ruwan da ba abin da ya same ta, kafaɗunta na rawa don dariyar da take dannewa.

Kateregga ya mayar da ƙwayoyinsa aljihu yana gunaguni, ya ce ashe ba a rabu da layi ba, ya fita. Nampiima ta tura wa mijinta kwano ta ce ya ci, akwai labule, ba laifi. Ya ɗauki cokalin. Ƙamshin romo ya daki hancinsa, cikinsa ya yi ƙugi. Amma idonsa na ƙasan labule, inda ƙuda ɗaya ya biyo su tun daga kasuwa ya sauka a kan tsumma. Ya ajiye cokalin, ya ɗaga kai ya dubi rufi.

"Sista, don Allah a duba ƙafar da ke bayan labulen nan. Ta hagu."

Nampiima ta dafe ƙirji. Ƙafar ta shige ƙarƙashin gomesi da sauri.

"A gaya wa surukina ba shi da kunya."

"A gaya wa Mama yau dai ita ta fara."

Ana jiyo ƙarar lasifika daga can kasuwa. Sista Lamunu ta sa safar hannu, ta jawo kujera, ta zauna a gaban labule. Aka jima. Sannan ƙafar ta fito a hankali, da tsummanta.